Kwafi biyu ko uku: wanne ya dace kafin a kafa Exadata?

Mai Kula da Rumbu:
Assalamu alaikum, malamai. Ma'aikatarmu ta sayi ƙaramin tsarin Exadata, na'urar rumbun bayanai ta kamfanin Oracle, mai sabar rumbun bayanai biyu da sabar ajiya uku, kuma yanzu muna cike bayanan kafawa a manhajar OEDA, wadda ake tsara kafa Exadata da ita, kafin injiniyoyi su iso. Inda muka tsaya shi ne zaɓin yawan kwafin bayanan da ASM, tsarin Oracle mai kula da fayafayan ajiya, zai riƙa ajiyewa. Idan muka zaɓi kwafi uku, abin da zai rage mana na amfani kashi ɗaya ne cikin uku na faɗin fayafayan, shugabanni kuwa suna ganin hakan asara ce bayan kuɗin da aka kashe. Shin kwafi biyu ba zai wadatar ba, tunda muna da ajiyar RMAN, wato madadin bayanan da ake maidowa da shi idan an yi asara, a wata na'ura ta daban?

Injiniyan Ajiya:
Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ku ɗauki kwafi uku, kuma dalilina ranar sabunta manhaja ce, ba lalacewar faifai kaɗai ba. Oracle yana fitar da gyare-gyare duk wata uku, kuma idan kuna son sabuntawa ba tare da an dakatar da aiki ba, patchmgr, kayan aikin sabunta manhajar Exadata, yana sauke sabar ajiya ɗaya bayan ɗaya, ya sabunta ta, ta dawo ta daidaita bayananta, sannan ya wuce ta gaba. A duk tsawon wannan lokaci, mai kwafi biyu yana da wasu bayanan da kwafi ɗaya tak ya rage musu, don haka faifai guda da ya mutu a ɗaya daga sauran sabobin zai iya sa rukunin fayafayan ya sauka gaba ɗaya. Ajiyar RMAN za ta dawo muku da bayanan, amma ba za ta dawo da awannin da aka yi ana jiran maidowa ba.

Abu na biyu da ya kamata shugabanninku su ji tun yanzu shi ne, wannan zaɓi ba a sauya shi da sauƙi bayan an kafa. Hanyar da aka saba ita ce a ƙirƙiri sabon rukuni a kwashe bayanai zuwa cikinsa, wanda ke buƙatar sararin da a lokacin ƙila ba ku da shi.

Hajiya Mai Lissafi:
Na yarda da Injiniya a kan rumbun da ake gudanar da ainihin aiki da shi, amma ban ga laifin kwafi biyu a na'urar gwaji ba, ko a inda Data Guard, tsarin Oracle na rumbun ko-ta-kwana, yake riƙe da cikakken rumbu na biyu da aka tabbatar ana iya komawa kansa. Sannan tunda ajiyarku tana waje, Malam, duba rabon sarari tsakanin DATA, rukunin ainihin bayanai, da RECO, rukunin fayilolin maidowa: OEDA yana ba da kashi 80 da 20 ga masu ajiya a waje, maimakon 40 da 60 na masu ajiya a cikin na'urar. Wannan kaɗai zai rage zafin ƙorafin sarari. Kada kuma ku cika fayafayan taf, domin ASM yana buƙatar wurin da zai sake rarraba bayanai idan faifai ya faɗi.

Mai Kula da Rumbu:
Na gode ƙwarai. Za mu gabatar da kwafi uku tare da rabon 80 da 20. Sai dai na ji cewa fayilolin zaɓen gungu, waɗanda ake tantance sabobin da ke cikin gungun da su, suna buƙatar wurare biyar a tsarin kwafi uku, mu kuwa sabar ajiya uku gare mu.

Injiniyan Ajiya:
Haka ne, kuma an tanadi mafita: ana ƙirƙirar ƙananan fayafayan cike adadi guda biyu a kan sabobin rumbun bayanan, ɗaya a kowace, su cika biyar ɗin. OEDA yana yin hakan da kansa lokacin kafawa. Ku dai tabbatar sunayen DNS, wato sunayen sabobin a hanyar sadarwa, da sabar daidaita lokaci sun kammala kafin ranar, domin rashinsu yakan tsayar da aikin tun daga matakin farko.