Neman Sunan Hausa ga Kumbunan da Ake Ginawa da Lego

Malamin kimiyya:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar firamare a cikin garin Sakkwato, kuma ina rubuta ɗan littafin jagora da Hausa domin yaran da ke zuwa darasin hutu, inda muke harhaɗa abubuwa da ƙananan gutsattsarin roban nan na Lego da makamantansu, waɗanda akan dace da su jefi-jefi a wurin 'yan gwanjo. Babin da ya tsaya mini shi ne na kumbuna, kuma kafin in kawo buƙatata ya kamata in bayyana abin da ake magana a kansa.

Kamfanin Lego na ƙasar Denmak ne. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a garin Billund a 1932, da kayan wasa na katako ya fara, sai a 1949 aka fara yin gutsattsarin roban nan masu harhaɗuwa. A 1978 kamfanin ya fito da jerin kayan sararin samaniya, shekara tara bayan saukar ɗan'adam a duniyar wata, lokacin da zancen kumbo bai gushe daga bakin mutane ba. Kumbunan farko na wannan jeri suna da kama ɗaya wadda ba ta ɓacewa: jiki shuɗi, fukafukai ruwan toka, gilashi rawaya, da ƙananan 'yan sama jannati masu murmushi, ja da fari, ɗauke da tukunyar iska a baya. Mafi shahara a cikinsu shi ne Galaxy Explorer na 1979. Wannan salo ya ci zamaninsa har 1987, sannan wasu jeri suka maye gurbinsa. Yaran wancan lokaci sun girma, kuma da yawansu har yau suna gina kumbuna a kan wannan tsohuwar kama, ba da takardar umurnin kamfani ba, da basirarsu. Irin wannan gini su suna kiransa MOC, wato taƙaitawar jimlar Turanci mai nufin abin da mutum ya ƙirƙira da kansa, salon kuwa suna ce masa Classic Space.

Abu uku nake nema: sunan ɗan gutsuren roban kansa, sunan ginin da mutum ya ƙirƙira ba kamfani ba, da sunan wannan salo na da. A rubutun farko na sa “tubali”, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Wani dattijo magini:

Wa alaikumus salam. Malam, zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Na yi aiki da tubali tun ina yaro a bayan mahaifina, kuma na yi aiki da bulo har ƙarfi ya fara ja baya, saboda haka a kan wannan ɗaya ina da abin faɗa. Tubali da hannu ake cura shi daga kwaɓaɓɓiyar ƙasa, gindinsa da faɗi, kansa da tsini, a shanya shi a rana, kuma ko mutum ɗaya ne ya cura dubu ba za ka sami biyu da suka zo daidai ba. Ƙasar da ake lafta masa ita ce ke cike bambancin. Bulo kuwa bugawa ake yi a cikin ma'auni guda, mai inci tara ko mai inci shida, yana da kusurwa huɗu, cikinsa da rami, kuma amfaninsa duka yana ga zamansa daidai da ɗan'uwansa. Jikana yana da irin wannan abin wasa, na juya shi na duba: kusurwa huɗu ne, cikinsa rami ne, kowane ɗaya tamkar ɗayan. Har yadda ake jera shi irin namu ne, domin idan ka ɗora gaɓa a kan gaɓa bangon zai rabe, sai ka saɓa su sannan ya riƙe. Wannan bulo ne, Malam. Yaron da ya tashi yana ganin tubali a tsofaffin gidajen cikin gari, idan ka miƙa masa wannan ka ce tubali ne, zai karɓa don ladabi, amma idonsa ba zai yarda ba.

Malamar Hausa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Da na zo ne da niyyar tsaya wa tubali, saboda ita ce kalmar da ta daɗe a bakinmu, har muna cewa ilimi tubalin gina al'umma ne, bulo kuwa aro ne daga Turanci. Amma bayaninku ya fi ƙarfin hujjata, kuma aron da ya yi shekaru a bakin magina da lebura da masu gida, har ya sami jam'insa na bululluka, ya riga ya zama ɗan gida. Abin da ya rage shi ne a bambanta shi da na siminti. “Bulon roba” yana faɗin abin da aka yi shi da shi, “bulon wasa” yana faɗin amfaninsa. Mu a nan da “bulon wargi” za mu ce a baki, sai dai littafin zai iya kaiwa Kano da Zariya da Damagaram, inda wargi ya fi karkata ga raha da zolaya, saboda haka a rubuce na fi son wasa. Ina kuma roƙon Malam kada ya bar kalmar Lego ta zama sunan abin gaba ɗaya, domin sunan kamfani ne guda, kuma kaso mai yawa na abin da ke hannun yaranmu ba nasa ba ne. A ce bulon wasa, idan na kamfanin ne a ƙara da cewa na Lego.

A kan buƙata ta biyu na fi daɗewa ina tunani. Fassara kai tsaye za ta ba mu “ƙirar kai”, wadda mai karatu zai ɗauka siffar kan mutum ake nufi. “Ƙagaggen gini” yana jawo ƙage, kuma mun riga mun ba ƙagaggen labari ma'anar abin da bai faru ba, alhali wannan gini yana nan ana taɓa shi. Amma Hausa tana da abin da muke nema a shirye. Ƙira aikin maƙera ne tun asali, kuma duk wanda ya ratsa unguwar Maƙera Assada a nan Sakkwato ya san abin da kalmar ke ɗauke da shi na gwaninta, sannan mun faɗaɗa ta har muna cewa mota ƙirar kaza, muna nufin wanda ya tsara ta. Muna kuma cewa “ƙirar gida” ga abin da ba daga masana'anta ya fito ba. To, kumbon da aka gina bisa takardar umurni ƙirar kamfani ne, wanda mutum ya zauna ya tsara da kansa kuwa ƙirar gida ne. Ba a ƙirƙiri sabuwar kalma ba, kuma babu wanda zai nemi a yi masa bayani.

Wani ɗalibin injiniya:

Malama, ina neman afuwa in ɗan ja da baya kafin in yarda. Ni ina cikin masu wannan gini, kuma abin da ya fara zo mini shi ne ƙirar gida a bakin mutane takan zo da raini, kamar abin da aka yi don ba a sami na gaske ba. A wannan fage kuwa lamarin ya juya. Na gida ne ya fi wuya kuma ya fi daraja, domin mai bin takarda an riga an yi masa tunanin, shi kuwa mai ƙirar kansa sai ya warware yadda fiffike zai tsaya a karkace ba tare da ya faɗo ba, da yadda nauyin hanci ba zai rinjayi wutsiya ba. Akwai magina da ke yin kumbon da tsawonsa ya kai ƙullutu 100 ('yan tudun nan da ke saman bulo nake nufi), wato santimita 80, tunda tsakanin ƙullutu da ƙullutu milimita 8 ne. Kamfanin da kansa ya sha komawa wurinsu. A 2014 ya fitar da Exo Suit, mutum-mutumin inji da ɗan sama jannati ke shiga ya tuƙa, wanda asalinsa ƙirar wani mai sha'awa ce, Peter Reid na Ingila, bayan mutum 10,000 sun goyi bayanta, kuma a 2022, lokacin cikarsa shekara 90, ya sake fito da Galaxy Explorer da girman da ya fi na farko, mai gutsattsari 1,254. Duk da haka na auna na ga ba ni da wadda ta fi taki. Mu da muka yi motar kara da ta langa-langa muna yara mun san alfaharin da ke cikin cewa da hannuna na yi, kuma idan littafin ya nuna ƙirar gida mai kyau kusa da ƙirar kamfani, rainin zai faɗi da kansa.

Inda ba zan sassauta ba shi ne salon. Na ga wasu suna rubuta “tsohon yayi”, kuma wannan kuskure ne babba, domin tsohon yayi abin da aka daina ne, wanda ake jin kunyar fita da shi. Masu wannan gini ba su daina ba, kuma ba kwafin tsohon kaya suke yi ba. Suna ɗaukar sababbin gutsattsari da sababbin dabaru, kamar juya bulo ya kalli gefe don jikin kumbo ya fito sumul, ko cika bayan inji da ƙananan bututu da fanka don ya yi kama da na'ura mai aiki, amma suna tsare ƙa'idar farko: shuɗi da ruwan toka, gilashi rawaya, ratsin baƙi da rawaya, da tambarin nan na duniya da ɗan kumbo yana kewaya ta. Akwai kuma wata ƙa'ida da ba ta launi ba, wadda ni ita ce ta ja ni: mutanen wannan jeri masu bincike ne, da na'urar sadarwa da motar ɗibar duwatsu suke fita, ba a yi musu abokan gaba ba sai daga baya. Ina ba da shawarar “zubin farko”. Zubi yana nufin abin da aka zuba a ma'auni, wanda haka ake yin bulon, yana kuma nufin tsari da kama, kamar yadda muke cewa zubin gidan nan ya yi kyau. Farko kuwa yana ba shi matsayi ba tare da ya tsofar da shi ba.

Malamar Hausa:

Ƙanena, zubin farko ya zauna, ba ni da ja. Amma na lura ka yi ta cewa ƙullutu, kuma wannan kalma ta huɗu ce da Malam bai tambaya ba alhali littafinsa ba zai rubutu ba sai da ita. Ƙullutu yana tuna wa mutum kumburi a jiki. Aikin waɗannan 'yan tudu shi ne su shige cikin na sama su kama, kuma na karanta cewa sirrin yana ga bututun da ke ƙarƙashin bulon, wanda kamfanin ya yi wa rajista ranar 28 ga Janairu, 1958, shi ya sa bulon wancan lokaci yake kama na yau. Abin da ake dannawa ya kama, a ja ya ɓalle, maɓalli muke ce masa.

Malamin kimiyya:

Na gode ƙwarai, Baba, Malama, da kai ƙanena. Na gwada kalmomin a cikin jimlar da za ta shiga littafin, domin a nan ne ake gane wadda za ta rayu: “Ɗauki bulon wasa shuɗi mai maɓalli takwas, ka ɗora falle uku a gefensa, za ka ga tsayinsu ya zo ɗaya.” Falle na sa wa siririn nan wanda uku suke daidai da bulo guda, kuma ban ji wani abu ya yi karo a jimlar ba. Taken babin zai zama “Kumbo zubin farko, ƙirar gida”. Na karanta wa yara biyu daga ajin ba tare da bayani ba, sai babbar ta ce ai kumbo ne irin na da wanda mutum ya yi da kansa. Maɓalli kaɗai zan ci gaba da saurara a bakinsu, domin na ji wasu suna cewa ido wasu suna cewa haƙori, kuma idan ɗaya daga ciki ta rinjaya kafin a kai littafin maɗaba'a, ita zan sa.