Musayar waƙa: Rachel ko Zenyatta, wa ta cancanci kambun 2009?

Kawu Mai Barga:
Salamu alaikum masoya sukuwa. Jiya da daddare na sake kallon Breeders' Cup Classic na 2009, babban tseren dawakin nan na Amurka, a YouTube, wallahi har yau abin na min ciwo yadda masu zaɓen lambar Eclipse a Amurka, wato 'yan jaridun sukuwa da mutanen harkar da ke jefa ƙuri'a duk shekara su fidda gwarzon doki, suka tsallake goɗiyar nan Zenyatta da ta ci tseren suka ba wata goɗiya Rachel Alexandra, ƙuri'a 130 da 99. To ga nawa, mai amsa ya amsa da baiti.

Da sunan Rabbana na fara,
Yabon wadda ba ta da tsara,
Ta taka rawa taro ya yi ƙara,
Zenyatta doguwar goɗiya.

A Santa Anita ita ce a baya,
Ingarmu sun tare mata hanya,
Ta bi su tana tsinta ɗaya-ɗaya,
Gio Ponti ma ya ba ta hanya.

Tun 1984 ake wannan tsere,
Ba macen da ta ci, maza sun kere,
Sha huɗu ta fita ba wanda ya tsere,
Me ya rage, ku faɗan gaskiya?

'Yar Sirdi:
Kawu barka da dare, a gafarce ni zan ja da kai, ba raini ba ne.

Kawu ina gaisuwa da ladabi,
A buɗe mana littafin hisabi,
Kambun na shekara ne, ga jawabi:
Takwas Rachel ta fita, takwas ta ci.

Ranar Kentucky Oaks ta saki ƙafa,
Borel na daram a kan likkafa,
Tsawon doki ashirin, jama'a na tafa,
Ta bar ta biyu kafin gaci.

Sati biyu ta faɗa cikin maza,
A Preakness iska na kaɗa geza,
Mine That Bird ya biyo ya gaza,
Tun 1924 mace ba ta ci.

Ta je Haskell, ta je Saratoga,
'Yar shekara uku gaban manyan barga,
Macho Again ya matso, ta ƙi bari ya shiga,
Da kai guda ta riƙe mutunci.

Kuma Kawu kar ka manta Mine That Bird ɗin nan shi ya ci Kentucky Derby, Calvin Borel ne ma a kansa ranar, amma da aka zo Preakness sai ya sauka daga kansa ya hau Rachel, mahayi ai ya fi mu sanin abin da ke ƙarƙashin sirdinsa. Filaye bakwai ta taka a shekarar, sau uku tana kayar da maza. Zenyatta biyar kacal ta yi, duka a Kalifoniya, huɗu da mata 'yan uwanta.

Kawu Mai Barga:
'Yata kin iya baiti, Allah ya yi miki albarka. Amma amsa min wannan.

Ranar da aka tara jarumai,
Daga Turai har da baƙin dawakai,
Ina Rachel, wa ya gan ta a kai?
Tana turke tana cin ciyawa.

Wanda ya ƙi zuwa ranar dambe,
Ba a ɗaura masa laya a dantse,
Mai son kambu ya zo a gwabce,
A nan ake gane mai iyawa.

Ɗan Kilisa:
Kawu, Yaya, ku ba ƙaramin cikinku wuri. Rashin zuwan Rachel ba tsoro ba ne, filin Santa Anita a lokacin ba ƙasa ce ta asali ba, wata haɗaɗɗiyar ƙasa ce mai roba a ciki, shi kuma mai Rachel ɗin, Jess Jackson, ya tsani wannan ƙasa tun da dokinsa Curlin ya zo na huɗu a kanta a Classic na 2008, ya ce ba zai kai ta ba. Ni abin da ya fi damuna na shekarar da ta biyo ne.

A 2010 an koma Kentaki,
Churchill Downs dare ya yi, ga haske,
Zenyatta ta taso kamar walƙiya a sarke,
Blame ya riga ta da kai, ta sha kaye.

Sha tara ta ci, ta ashirin ta kuɓuce,
Amma kambu hannunta ya dace,
128 da 102 aka ƙirga aka ce,
Shin bashin bara aka biya a ɓoye?

'Yar Sirdi:
Ƙanena ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mudun da na auna wa Rachel da shi zan auna wa kowa.

Blame ya ci Foster, ya ci Whitney,
Ya ci Classic ido na ganin ido ne,
In aikin shekara ake aunawa, nasa ne,
Ko da zuciyata na wajen goɗiya.

Ina son Zenyatta, Allah shaida,
Ranar da ta faɗi ban ci tuwon gida,
Amma ƙuri'a amana ce, ba a saida,
Ba a jefa ta don share hawaye, Kawu, gaskiya.

Kawu Mai Barga:
Toh 'yata na ji, kin tsaya a kan mudu ɗaya kuma na girmama hakan. Ni dai abin da ban warke ba shi ne Rachel da Zenyatta ba su taɓa haɗuwa ba, an sa dala miliyan 5 a Apple Blossom na Oaklawn a Afrilun 2010 in duka biyun za su zo, sai Rachel ta sha kaye a hannun Zardana a watan Maris aka janye ta, Zenyatta ta je ta ci abinta.

Na tuna Mike Smith, mahayin Zenyatta, bayan Blame,
Gaban 'yan jarida murya ta dushe,
Ya ɗora wa kansa laifin da hawaye,
Ni ma a ɗakina na kasa tashi.

Ku ba ni takardar 2009 a yau,
In riƙe biro in duba da kyau,
Rachel 'yar albarka ce, aikinta ya yi kyau,
Amma Zenyatta hannuna zai rubuta shi.