Tocila arba'in da uku a gida ɗaya: wa ya taɓa zama da mai irin wannan sha'awa?

Maman Ummi, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Da damuwa na zo, ko da yake na san wasu za su ce wannan ai ba damuwa ba ce. Shekararmu tara da aure da Abban Ummi. Lokacin da na tare tocila ɗaya gare shi, wadda yake riƙewa in zai fita sallar asuba saboda lungunmu ba ya biyuwa da damina. Jiya ina gyaran durowa na ƙirga guda arba'in da uku, ban da ta aljihunsa da wadda take mota. Wata ba ta fi ɗan yatsa ba, wata kuwa kamar taɓarya.

Duk daren Asabar sai ya shimfiɗa tabarma a falo ya baje su. Ya kwance murfin kowacce, ya goge da tsumma, ya shafa wani ɗan mai a bakin murfin, ya jera batura a caja. Yakan kai sha ɗayan dare a haka. In na kawo hira, "uhm" kawai zan ji. Yara ba su isa su matso tabarmar ba, Ummi har ta san ta tsaya daga bakin ƙofa tana leƙe.

Duk wannan na jure. Abin da ya tsaya min a rai shi ne zangon da ya wuce ya ce in ba makarantar yara haƙuri sai ƙarshen wata, bayan kwana huɗu sai ga ɗan aike da kwali daga Caina. Na tambayi kuɗinta ya ce ba wani tsada. Da na kai ƙara wajen Hajiyarmu cewa ta yi in gode wa Allah, mijina ba ya shaye-shaye, ba ya kwanan waje. Na gode wa Allah kam, amma raina bai huce ba. Waɗanda suka zauna da irin wannan, da masu tarawar kansu, don Allah ku faɗa min yadda kuka yi.

Baban Sadiq, Kaduna

Wa alaikumus salam. Maman Ummi, ni ɗan'uwan maigidanki ne a wannan harka, tawa ta kai talatin. Bari in faɗa miki yadda abin yake shiga jikin mutum.

Mu da fitilar ƙwai muka yi karatu, sai tocilar gwangwani guda ɗaya ta Baba mai cin batir Tiger Head biyu. Haskenta ja-ja, in batirin ya yi sanyi mu shanya shi a rana ko mu ɗan ƙwanƙwasa shi da dutse don ya ƙara kai mu dare ɗaya. Wanda ya tashi a haka, ran da ya fara danna tocilar LED mai kyau, wato mai ƙwan zamanin nan mai farin haske, ya ga ta haska bishiyar da ke ƙarshen layi har yana ƙirga ganye, ba zai manta ba. Wannan farin hasken bai daɗe a duniya ba. Sai a 1993 wani injiniya ɗan Japan, Shuji Nakamura, ya fitar da shuɗin LED mai ƙarfi wanda daga shi ake samo farin, aka ba shi kyautar Nobel a 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. Mu muka ga sauyin da idonmu, shi ya sa yake burge mu fiye da yaranmu.

Kuma ba iri ɗaya ba ne kamar yadda kike gani. Wata nesa take jifa da haske, wata baza shi take yi ta cika tsakar gida. Wata haskenta fari ne mai shuɗi-shuɗi da ke gajiyar da ido, wata kuwa ɗan rawaya, da ita za ki gane ainihin launin atamfa ko ki ga naman da ke tukunya ya nuna. Da ka sayi ɗaya sai ka ji labarin wadda ta fi ta a wani fanni.

Wannan bayani ne, ba kare shi nake yi ba. Maganar "ba wani tsada" ni ma na yi ta, shekara biyu ina yi wa uwargida ita. Ran da ta ga alat a wayata ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ashe ni ce ake ɓoye wa." Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Daga ranar muka yi ƙa'ida: sai an sauke abinci da kuɗin makaranta, sai na faɗa mata farashi kafin in biya, kuma in sabuwa za ta shigo sai tsohuwa ta fita. Na sayar da guda takwas a kan haka, ban mutu ba.

Hajiya Babba, Katsina

'Yata, "ki gode wa Allah" gaskiya ce amma ba amsa ba ce. Nawa maigidan rediyo ya tara, shekara talatin muna tare da su. Kada ki ce masa ya daina, ba zai daina ba. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki yi masa maganar kuɗin makarantar kaɗai, kada ki haɗa da tabarma da sauran su.

Anti Nas, Zariya

Ni ba kuɗi ne ya dame ni ba, tsoro ne. Ƙanina da ke zaune wajenmu shi ne mai tarawa. Wata rana ɗana mai shekara biyar ya ɗauki guda ya shiga cikin bargo yana wasa, barci ya kwashe shi tana kunne a mataki mafi ƙarfi. Ƙauri ne ya kai ni ɗakin. Bakin tocilar ya narkar da bargon ya yi rami kamar faɗin murfin kwalba, ta yi zafin da ban iya riƙe ta da hannu ba. Allah ne ya kiyaye yaron.

Tun daga nan na zauna ya koya min abin da ya sani. Yawancin masu ƙarfin nan batir 18650 suke ci, sunan daga girmansa ne, faɗi milimita 18, tsawo 65. Ba a sa shi tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi, in ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa wuta yake kamawa. In ledar jikinsa ta yage a ajiye shi. Ba a barin sa a caji a kan katifa a tafi barci, ballantana a zafin Afrilu. Ya kuma ce duk wanda aka rubuta wa 9,900mAh a jiki, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, ƙarya ce, na gaskiya ba su cika wuce 3,500 ba. Abin da ya fi min amfani shi ne a ɗan warware murfin gindin tocilar kaɗan kafin a ajiye, yawancinsu ko yaro ya danna ba za su kama ba. Maman Ummi, hana yara taɓawa da yake yi kada ki ga laifinsa duka. Ki dai nemi ya sa wa durowar makulli, kuma a kula kada su haska wa jariri ido.

Maman 'yan biyu, Maradi

Mu nan tocilolin maigida sun yi mana rana. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulki, da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, dare ya koma dare na gaske. Abin da nake yi wa gori shi ya zama abin nema. Yana da ɗan faranti mai caji da rana, kullum da hantsi ya jera su a kan katanga. Yara sun yi karatu, na yi girki, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta samu ta zagayawa.

Sai dai daga nan wata rigima ta fito. Matan unguwa wajena suke zuwa aro, ni kuma ba na iya cewa a'a. Uku ba su dawo ba, ɗaya ta dawo gilashi a fashe, kuma ita ce wadda ya biya jikka ashirin da biyar a kanta. Kwana biyu bai ci tuwona da daɗin rai ba. Ni ina ganin kayan gida ne, maƙwabci yana da haƙƙi, shi yana ganin na yi kyauta da abin da ba nawa ba. Da muka huce sai ya sayo masu arha guda biyar daga kasuwa ya zuba a kwando bakin ƙofa ya ce waɗannan na aro ne, ki ba wanda kika ga dama. Na cikin akwati kuwa ban sake taɓawa ba.

Malam mai gona, Gumel

Ni da yarana tocila ce ta haɗa mu. Ina da wata ƙarama mai hasken UV, irin wadda ake duba kuɗin jabu da ita. Kunama in wannan hasken ya same ta jikinta ƙyalli yake yi, kore-kore, ko tana cikin yashi za ka hango ta. Da bazara kafin a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ni da manyan yaran biyu muke zagaya gindin katanga da bayan randa da wajen itace. Akwai daren da muka kashe huɗu. Yanzu su suke tuna min in na manta. Uwarsu da take cewa ina ɓarnar kuɗi, ita ce take cewa a duba mata ƙarƙashin murhu.

Wata baiwar Allah

Ku da kuke ku kaɗai a gida kun huta. Mu biyu ne. Ya ba amarya mai caji ta ƙarfe, ni ya ba ni ta roba wai tawa ba ta da wuyar sarrafawa. Ba tocilar ce ta yi min ciwo ba, na san kun gane. Sai da yayarsa ta sa baki ya sayo min irinta.

'Yar Baba, Jos

Na karanta duka ina hawaye. Babanmu direban babbar mota ne, Jos zuwa Legas, Jos zuwa Maiduguri. Kusan kowace tafiya sai ya dawo da tocila. Mama ta yi faɗan har ta gaji. Wadda ya fi ji da ita Maglite ce baƙa, ta Amurka, mai cin manyan batura uku, nauyinta kamar guduma. Ba wanda yake taɓa ta.

Amma in yana gida, duk yaron da ya tashi fitsari da dare ba Mama yake tasa ba, Baba yake tasa. Zai ɗauko Maglite ɗin, ya riƙe hannunka har bakin banɗaki, ya fara haska ciki lungu-lungu, sannan ya tsaya a waje ya saita hasken a ƙasan ƙofa yana gyaran murya don ka san yana nan. Cikin sanyin Jos, a watan Disamba, ba ya taɓa cewa ka yi sauri.

Da ya rasu aka zo rabon gado aka fito da akwati guda cike da su. Rabi batir ya zube a ciki ya cinye su, don ba wanda ya tuna ya cire. 'Yan'uwana maza suka ce a ba 'yan gwangwan. Ni na roƙi a sa min Maglite ɗin a cikin rabona. Mama da ta yi shekaru tana faɗa a kansu, ita ta ɗauki ƙaramar da yake sa wa a ƙarƙashin filo, har yau tana wajenta. Maman Ummi, ki yi maganar kuɗin, haƙƙinki ne. Amma ki roƙe shi ya bar Ummi ta shigo ta zauna a tabarmar.

Maman Ummi, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. 'Yar Baba, Allah ya jiƙan Baba ya haskaka kabarinsa.

Na bi shawarar Hajiya. Daren Juma'a bayan ya ci abinci na yi masa maganar kuɗin makarantar ita kaɗai. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ɗauko wayarsa ya nuna min duk abin da ya saya a bana. Muka haɗa lissafi tare, ya haura kuɗin zango guda na yaran biyu. Shi kansa bai taɓa haɗawa ba, na gani a fuskarsa. Ya ba ni haƙuri, ya ce daga yanzu zai riƙa faɗa min kafin ya biya. Maganar sayar da wasu kuwa bai yarda ba, ya ce in ba shi lokaci, kuma ya faɗa min akwai wata da ya riga ya biya tana hanya. Wannan ta ɗan sosa min rai, amma gara da na ji daga bakinsa.

Jiya Asabar ya kira Ummi ya ba ta tsumma, ita ta goge ƙananan, ya bar mata wata 'yar shuɗiya mai batir ɗaya. Da ita ta kwana a hannu. Anti Nas, na duba durowar ba ta da wajen sa kwaɗo, gobe Litinin zan kira kafinta.