Neman shawara: me zan shuka a ɗan filin ƙofar gida?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun tare a sabon gida a Zariya, akwai ɗan fili tsakanin ɗakuna da katanga, bai wuce taku 10 ba. Maigida na so a shafe shi da siminti, ni kuwa raina na ga irin gidan kakata a ƙauye: lalle nan, zogale can, yakuwa da ɗoɗɗoya a cakuɗe, ba layi. Ruwanmu na 'yan garuwa ne. Da me zan fara?

Wata Hajiya daga Katsina: Wa alaikumus salam 'yata. Fara da lalle, ki jera shi a jikin katanga. Da zarar ya kama ƙasa ba ya damuwa da fari, kuma in ya yi fure, ƙamshinsa da yamma har ɗaki yake shiga. Nawa ya girmi autana, kuma da shi muke ƙunshin sallah. Ki riƙa sare masa kai don ya yi duhu, in ba haka ba sai ya miƙe ƙasansa ya zama fayau. Tsohon reshe yana da ƙaya, ki kula da yara.

Wani mai lambu: Malama, tunda ruwan saye kike yi, kada ki dasa komai sai damina ta zauna, wajen watan Yuni. Ki fara zuba takin awaki wanda ya ruɓe. Zogale ko reshe kika kafa zai tsiro. Yakuwa ki shuka iri, ki ci ganye da damina, ki ciri zoɓo wajen Nuwamba. Amma cediya, durumi da darbejiya ba na ƙaramin fili ba ne, saiwarsu na tsaga gini.

Wata 'yar uwa daga Maradi: In aka ce ki yi shinge da bini da zugu, kada ki yarda. 'Ya'yansa guba ne, yara kuma suna ɗauka gyaɗa ce. Na'a-na'a kuwa a tsohuwar tukunya za ki sa ta, don a ƙasa mamaye wuri take yi. Ruwan alwala ya ishe ta.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na nuna wa maigida, ya yarda a bar siminti a hanyar wucewa kawai. Hajiya, in na dasa lallen bana, yaushe zan fara tsinkar ganye?