Baki na gaba, murya na baya: wa ya taɓa fama da wannan?

Sabon edita, Kurna:
Salamu alaikum manyanmu. An kawo min aikin wani biki, kamu da dina. Kyamara ɗaya ce, sai wayoyi biyu na ƙawayen amarya, sautin kuma an ɗauko shi daban daga mikzar DJ. Na jera komai, farkon ya zauna daram. Amma kafin a kai minti 20 sai ka ga MC ya rufe baki, muryarsa tana ta zuba. In na gyara tsakiya, farko ya goce. Uwar amarya kuma jibi take son kayanta. Don Allah duk wanda ya taɓa cin karo da wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Tsohon hannu, Zoo Road:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka taɓa komai, duba wuri uku: farko, tsakiya, ƙarshe. In ratar iri ɗaya ce a ko'ina, ja sautin kawai ka daidaita, an gama. In tana ƙaruwa a hankali, to hoton da sautin ba gudu ɗaya suke yi ba. In kuwa tana zuwa tana komawa, nan daidai can a goce, to waya ce. Kai kuma ka ce akwai wayoyi biyu, don haka ni can zan fara zargi.

Waya ba ta riƙe adadin firem ɗaya, wato yawan hotunan da take ɗauka a kowace daƙiƙa su haɗu su zama bidiyo. Za ta ce maka 30 a daƙiƙa, amma da ta shiga duhun zauren biki ko ta ɗauki zafi sai ta rage, in ta samu sarari ta koma. A kan wayar ba za ka gane ba. Sai ka kai kwamfuta ka ɗora mata wani sauti daga waje asirinta yake tonuwa. Buɗe fayil ɗin da manhajar MediaInfo mai nuna bayanan fayil, in ka ga ya rubuta Variable (mai canzawa) a wajen firem, to ita ce. Sa shi a HandBrake, manhajar juya bidiyo, ka zaɓi adadin da aikinka yake kai, ka danna Constant Framerate (adadin firem tsayayye), ka fitar da sabo, da shi za ka yi aiki. Dukkansu kyauta ne. Ni yanzu duk bidiyon wayar da ya shigo shagona, ko na minti ɗaya ne, sai ya bi ta nan tukunna. Kuma ka ce su turo maka ainihin fayil ɗin ta kebul ko kati, ban da wanda ya bi ta WhatsApp aka matse shi.

Mai kyamarar biki, Gwale:
Oga ya gama magana. Abin da zan ƙara ƙarami ne amma yana ci. A babban zaure in ka tsaya can baya, abin da makirufon kyamararka yake ji daga sifika yake zuwa, kuma sauti tafiyar kusan mita 343 yake yi a daƙiƙa. In kana ɗauka a kan firem 25 a daƙiƙa, duk mita 14 firem ɗaya ke nan na jinkiri. Sai ka sa manhaja ta haɗa maka sautin mikza da na kyamara, ta haɗa su cif, amma baki ya riga murya da firem biyu, domin na kyamarar ma a makare ya iso. Ni bayan manhaja ta gama nata sai na koma na duba da ido.

Mai ɗaukar tafsiri, Fagge:
Ni nawa ba waya a ciki ko ɗaya, kuma duk azumi sai na sha shi. Karatu ya kai awa ɗaya da rabi, kyamara na ɗauka, ƙaramar rikoda tana jone da mikzar masallaci. Farko lafiya lau, wajen addu'ar rufewa an samu ratar 'yan firem. Da na kai wa wani injiniya a Beirut Road ya duba, ya ce babu abin da ya lalace. Kowace na'ura da agogonta a ciki, kuma ba a samun biyu da suke tafiya tare sak. A ɗan gajeren abu ba ya nunawa, sai an yi dogon zango.

Masu fim suna tafa hannu gaban kyamara a farko da ƙarshe don su samu alama. To mu wa zai tashi ya yi tafi a gaban malam, masallaci cike? Abin da nake yi, ina neman inda leɓe ya haɗu, kamar wajen Bismillah, a farko da kuma kusa da ƙarshe. In na samu biyun sai na ɗan ja tsawon sautin ya cike tsakani, a manhajar haɗa bidiyo ta Premiere akwai abin jan gudu da ake kira da harafin R. Jan bai kai kunne ya ji ba. Wani lokacin ma ba na ja, yanka nake yi a shirun da ke tsakanin mai jan baki ya dire aya da malam ya ɗauka, na matsar da firem ɗaya ko biyu. Wannan ya fi cin lokaci amma hankalina ya fi kwanciya da shi, karatun Alƙur'ani ne, ba na son taɓa gudunsa.

Wani abu kuma, masu tsofaffin kyamarorin hoto da suke tsayawa da kansu a minti 29 da daƙiƙa 59, ku riƙa haɗa kowane yanki da kansa. Rikoda ba ta tsaya ba lokacin da kake sake dannawa.

Mai situdiyon waƙa, Hotoro:
Ku duba ko rikodar tana kan 44.1 kHz a ma'aunin ɗaukar sauti. Aikin bidiyo 48 ne. Ni a ganina nan matsalar take.

Tsohon hannu, Zoo Road:
Malam, gaskiya ne 48 ya kamata a ɗauka, amma ba na jin ita ce ta yaron nan. Manhajojin yanzu suna juya 44.1 da kansu ba tare da tsawon ya canza ba. In har aka karanta 44.1 a matsayin 48, ba sai an kai minti 20 ba, nan take za ka ji muryar ta sirance tana sauri, awa ɗaya ta koma kamar minti 55. Wadda take yaudara ita ce ta hoto, firem 29.97 da aka ɗauka 30 ce. Bambancin daƙiƙa 3.6 ne a awa, yana shigowa a sace.

Mai situdiyon waƙa, Hotoro:
Na karɓa, ranka ya daɗe. Ka tuna min da wani aikin waƙa da aka kawo mana. An ɗauka a kan firem 24, wanda ya fara haɗawa ya tilasta wa hoton komawa 25 saboda talabijin ɗinmu a kan 25 take, ya bar waƙar yadda take. Waƙar minti biyar, kafin ta ƙare jaruma ta riga mawaƙiya da daƙiƙa 12. Darakta ya yi ta faɗa wai yarinyar ba ta iya bin baiti ba, alhali ita ta yi nata daidai.

Sabon edita, Kurna:
Oga, na duba. Wayoyin biyu duk Variable suka nuna, kyamarar kuma tana kan 25. Na sa su a HandBrake yanzu, Allah Ya sa wuta ta kai ni. Allah Ya saka da alheri.

Edita, Tarauni:
Amin. Ƙanina, in ka zo dubawa ka cire abin kunne na Bluetooth ka sa mai waya. Yarinyar da nake koya wa aiki ta kwana tana gyara hirar da lafiyarta ƙalau. Abin kunnen ne yake jinkirta mata sauti, ita kuma tana matsar da shi gaba don ya dace da abin da take ji. Da safe muka kunna a sifika, murya ta riga baki tun daga sallama. Haka in kwamfutar ba ta da ƙarfi, hoto yana sarƙewa a wajen kallo ka zaci gocewa ce. Fitar da minti ɗaya ka kalla a wani wuri kafin ka yanke hukunci.

Mai haska taro kai tsaye, Sharaɗa:
Mu masu watsawa kai tsaye a Facebook namu ba ya jiran gyara, jama'a na kallo ake yin sa. Hoto yana bi ta kyamara, ya bi ta kebul ɗin HDMI, ya shiga katin da ke kai shi kwamfuta, duk yana ɓata lokaci a hanya. Sauti kuwa daga mikza ya faɗa kwamfuta kai tsaye, sai ya riga isa. A OBS, manhajar da muke watsawa da ita, akwai Sync Offset cikin saitin sauti, nan nake ƙara masa jinkiri. Kafin baƙi su shigo nakan sa yaro ya tsaya a dandamali ya tafa, na ɗauka a kwamfuta, na ƙirga firem nawa ne tsakani, kowane ɗaya daƙiƙa 0.04 a kan 25, wato 40 a ma'aunin wurin. In kyamarar tana da ramin makirufo kuwa, na fi son na kawo sautin mikza cikinta su taho tare ta kebul ɗaya. Sai dai a rage ƙarfinsa tun daga mikza, in ba haka ba yana fashewa.