Ina son sayen dawuro, wanne zan fara da shi?

Dan_Asawase:
Salamu alaikum yan uwa. Wata biyu kenan da na shiga kungiyar kida ta samarin unguwarmu nan Asawase a Kumasi, Ghana, ni ganga na je koyo amma ogan ya miko min karfe yace sai na iya wannan tukuna, wai dawuro, karfen kida ne mai kara kamar kararrawa. Na kungiya guda daya ne kuma ba a zuwa gida da shi, shi yasa nake son nawa. Na leka Cultural Centre inda ake sayar da kayan gargajiya na ga kala kala, akwai mai baki biyu akwai wani kamar kwale-kwale, kaina ya daure. Wanne zan dauka, kuma yaya ake gane mai kyau?

Jikan_Makeri:
Wa alaikumus salam kanina. Fara tambayar ogan naku wane kida kuke yi. In adowa ne, kidan Asante, to mai kama da kwale-kwalen nan zaka nema, a tafin hannu ake dora shi a buga da siririn karfe, kar ka damke shi sai muryar ta mutu. Mai baki biyun shi kabilar Ewe ke kira gankogui, na kidansu agbadza, babban baki murya kasa karamin murya sama, shi kuma da sandar itace ake bugunsa ba karfe ba.

Wajen saye kar fenti ya rude ka, wasu sun sha bakin fenti don turawa masu yawon bude ido su rataya a falo. Rike shi ta wutsiya ka buga kowane baki daban ka saurara, in ka ji zzz zzz a karshen karar to akwai tsagewa, ajiye musu kayansu. Duba wajen da aka hada bakunan biyu ma, nan yake fara budewa. Ni na taba saye da yamma cikin hayaniyar kasuwa ban ji komai ba, da na iso gida sai kara kamar murfin tukunya.

Hajiya_Mamobi:
Dana ya yi shi a makaranta. Malaminsu sai da suka yi sati suna tafa kidan da hannu kafin ya basu karfen, saboda mai dawuro ba ya canzawa, abu daya zai ta maimaitawa duk masu ganga shi suke saurare, in ya kauce kowa ya kauce. Don haka ba raina ka ogan ya yi ba. Amma don Allah in gidan haya kake ka tausaya ma makwabta, namu sai da na tura masa tsumma a ciki.

Baban_Zango:
Yaro, mu ma muna da namu, kuge sunansa, da ƙaho ake buga shi a fadar sarakunan ƙasar Hausa. Nan ma ai da dawuro mai shelar sarki ke zaga gari, shi ne gongon ɗin da kuke ji ana faɗa.

Dan_Asawase:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Na kira ogan yace adowa ne da kete, shi ma kidan Asante, gobe bayan azahar zai raka ni da kansa. Yaya Jikan_Makeri siririn karfen tare ake sayarwa ko sai na je Magazine wajen makera da kanikawa an yanko min?

Jikan_Makeri:
Yawanci tare suke bayarwa, in basu baka ba ƙusa mai inci shida ma ta isa.