Shan methotrexate ga mai neman haihuwa

Mai tambaya, Tudun Wada, Zariya:
Assalamu alaikum. Ina fama da ciwon gaɓoɓi irin wanda garkuwar jiki ke afka wa jikin mai ita, kuma likita ya ɗora ni a kan methotrexate, miligiram 15 sau ɗaya a mako, wanda cikin ikon Allah ya sauke mini kumburin yatsu. Yanzu ni da maigidana muna fatan ƙarin haihuwa, amma takardar cikin kwalin ta ce mai juna biyu ba ta shan sa. Shin gargaɗin na masu ciwon daji ne da ake ba su da yawa, ko ya shafi irina?

Wata ungozoma, Samaru:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gargaɗin ya shafe ki, ko da kaɗan kike sha. Maganin yana toshe aikin folic acid, wanda ɗan tayi ke buƙata wajen girma, shi ya sa ma ake amfani da shi a tsayar da cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Yana iya jawo ɓari, ko nakasa a ƙoƙon kai da fuska da hannuwa da ƙafafu, musamman tsakanin mako na 6 da na 8 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su gama tabbatar da ɓatan watansu ba. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Wani mai harhaɗa magunguna, Sabon Gari:
Hajiya, ki ci gaba da maganin tazarar haihuwa har ki ga likitanki. Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka, a jagorarta ta 2020, ta ce a daina methotrexate wata 1 zuwa 3 kafin neman ciki, yayin da takardun maganin a Turai suka ce wata 6, don haka likitan da ya san ciwonki ne zai yanke miki wa'adi. Akwai hydroxychloroquine da sulfasalazine da azathioprine, waɗanda ake iya sauya wa mace ta sha har da ciki, domin barin ciwon ya tashi shi ma yana wahalar da uwa da abin da take ɗauke da shi.

Ungozomar ta ƙara da cewa:
Idan kuwa kin riga kin yi ɓatan wata, kada ki sha methotrexate na wannan makon. Ki yi gwaji, ki tafi asibitin koyarwa na Shika a duba ki, a ba ki folic acid miligiram 5 kullum, a kuma sa miki ranar hoton ciki, domin ba kowane jaririn da maganin ya riska yake samun nakasa ba. Ki kuma tambayi likita batun shayarwa, tunda ba a so a haɗa methotrexate da ita.